Yara Ɗari da Goma Sha Takwas na Malama Hamida

Malama Hamida Lawwali ta shekara ashirin da biyu tana riƙe da aji huɗu, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin wanda ya yabe ta da sanyin hali ba. Gajeriya ce, siririya, mai kaifin murya. In ta ɗaga muryar nan a cikin aji, har masu tallar gyaɗa da ke bakin katangar makaranta sukan yi tsit. Iyayen yara suna shakkarta, amma su ne dai suke zagayawa wurin hedimasta suna roƙon a sa 'ya'yansu a ajinta.

A Ketare aka haife ta. Mahaifinta, Malam Lawwali, haƙar rijiya ce sana'arsa, kuma bai taɓa tunanin sa ɗiya mace a boko ba sai da wani abu ya faru a gidansa. Ƙanin Hamida, yana ɗan shekara biyu, ya yi ƙuraje da zazzaɓi. Aka sayo magani a kasuwa aka ɗura masa cokali biyu. Kafin la'asar yaro ya cika. Daga baya wani malamin asibiti ya duba kwalbar ya ce ai ga shi nan a rubuce, na shafawa ne, ba na sha ba. Mutum goma sha ɗaya ne a gidan, babu wanda ya iya karanta layin nan guda. Bayan sadakar bakwai Malam Lawwali ya kama hannun Hamida, tana 'yar shekara takwas, ya kai ta firamare da ƙafarsa. 'Yan uwansa suka yi ta magana, bai fasa ba.

Ta gama firamare, ta wuce kwalejin horar da malamai mata, ta auri Malam Harisu mai gyaran injin ban ruwa a Kankara, ta haifi 'ya'ya huɗu. Aka ba ta aiki a wata firamare da ke gefen gari. Sau uku ana so a mayar da ita aji shida, inda malamai suke ganin girma, tana ƙi. Dalilinta ɗaya ne. A aji huɗu ake sauke Hausa a ɗauki Turanci wajen koyarwa, a nan ne kuma yaron da bai iya karatu ba yake nutsewa ba tare da kowa ya ji motsinsa ba. Daga nan sai kwafe. Malami ya rubuta a allo, yaro ya zana abin da ya gani, a haka har ya gama aji shida.

Sai shekarun 'yan bindiga suka zo. Mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka riƙa shigowa Kankara da tabarmi da tukwane a ka, suna raɓewa a kangaye da zaurukan dangi. Makarantu suka yi ta buɗewa ana rufewa. Da aka ɗan samu lafawa, aka ce a kwashi yaran 'yan gudun hijira a zuba a makaranta. Ba su da wata takarda da ta nuna ajin da suka tsaya, don haka aka jera su a fili aka raba su da ido: gajeru aji ɗaya da biyu, matsakaita aji uku, dogaye aji huɗu zuwa sama. A farkon shekarar 2023, da aka dawo zango na biyu, Malama Hamida ta ƙirga suna ɗari da goma sha takwas a rajistarta, a ɗakin da aka gina don yara arba'in. Benci goma sha huɗu ne, sauran kowa a ƙasa. Iska ta yaye kwano uku a kusurwar gabas tun damina biyu da suka wuce.

Ita kaɗai take koyar da darussa goma sha ɗaya, kuma kowanne an tsara abin da za a yi a cikinsa mako-mako, a wani kundi da malamai ke kira sikim. A lissafi, makon nan lambobin Rumawa, mai zuwa rabi da sulusi da rubu'i. A Turanci, yadda ake rubuta wa aboki wasiƙa. A aikin gona, ire-iren ƙasa. A ilimin zama ɗan ƙasa, ayyukan ƙaramar hukuma, wato gina makarantu da haƙa rijiyoyi da kula da kasuwanni, tana karanta musu wannan rana na dukan wuyanta ta inda kwanon ya yaye. Ga kuma kwamfuta, wadda take zanawa da alli, ta ja kibiya ta rubuta sunan kowane sashe, alhali ita kanta ba ta taɓa kunna ta ba.

Wata Talata tana darasin kimiyya a kan canji iri biyu, wanda abu yake komawa yadda yake da wanda ba ya komawa. Littafi ya ba da misali da ƙanƙara: ta narke ta zama ruwa, a sa a firji ta sake daskarewa. Ta fassara musu da Hausa, sannan ta nemi misalin canjin da ba ya komawa. Can baya wata doguwar yarinya ta ɗaga hannu. Barakatu ce, 'yar shekara goma sha biyu, daga wani ƙauye kusa da Tafoki, wadda ba ta cika magana ba.

"Rumbu in an ƙone shi, Malama."

"Daidai ne," in ji Malama Hamida, ta juya ga allo da sauri. Amma hannaye sun riga sun tashi ko'ina. Wani ya ce gida. Wata ta ce amalanke. Wani ya ce saniya in an kora ta daji, aji ya kaure da musu, wasu na cewa ai tana iya dawowa in ta kuɓuce. Ta tsaya da alli a hannu har suka gama musunsu.

Da aka dawo daga hutun tara sai darasin tsaro. Abin da sikim ya ce a koyar shi ne, in ka ga baƙuwar fuska ko motsin da ba ka yarda da shi ba, ka sanar da hukuma. Ta rubuta da Turanci, ta fassara. Barakatu ta sake ɗaga hannu.

"Babanmu ya sanar, Malama. Sau uku."

Malama Hamida ta san uban ba ya raye. Ta tsallaka ƙafafun yara ta isa bayan aji, ta karɓi littafin yarinyar don ta yaba mata a kan wani abu. Rubutu ne shar, layi a miƙe, kowane harafi a zaune. Ta sha ba ta maki tara a cikin goma saboda shi.

"Karanta mani layin farko, 'yan aji su ji."

Barakatu ta kalli layin, ta kalli ƙasa. "Ban iya ba."

Malama Hamida ta rufe littafin ta nuna bango. "Wannan fa?"

"Sunana ne."

"Wane harafi ne na farko?"

Yarinyar ta sake kallon ƙasa. Ta iya zana sunanta yadda ake zana lalle, amma ba ta san ko baƙi ɗaya da ke cikinsa ba.

Kwana uku Malama Hamida ta yi a gindin bishiyar bedi, wato dogon-yaro, da ke tsakar makaranta, tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya, tana nuna musu haruffa da gajerun jimloli na Hausa a jikin kwali. Ta rubuta sakamakon a takarda guda. Ashirin da uku suna iya karanta jimla. Arba'in da ɗaya sun san haruffa amma ba sa iya haɗa su. Hamsin da huɗu ba su san komai ba. Da takardar a hannu ta faɗa ofishin hedimasta, Malam Salihu, dattijo mai gudun rigima wanda saura shekara biyu ya yi ritaya.

"Malam, yara hamsin da huɗu a ajina ba su san baƙi ko guda ba. Mi zan yi masu da lambobin Rumawa? Yaron da bai iya rubuta sha huɗu ba, in ce ya rubuta ta da lambobin mutanen da ko kabarinsu ba mu sani ba?"

"Malama, zauna tukuna. Ba ni da ke muka rubuta sikim ba. In masu duba makarantu sun zo shi ake dubawa. Ki yi abin da aka ce, ki sa hannu, ki tahi gida."

"Ashirin da shida daga cikinsu a makarantar ga suka fara tun aji ɗaya. Ba 'yan gudun hijira ba ne, namu ne. Mu muka yi ta tura su gaba. Ni kaina zango guda suna gabana ina zuba masu maki don rubutunsu ya yi kyau."

Wannan na ƙarshe shi ya fi ƙona mata rai. Malam Salihu ya ce Allah ya kyauta. Ta ce amin, ta fita ta bar masa ƙofa a buɗe.

Washegari ta jefa sikim a durowa. Ta raba aji gida uku. Masu iya karatu ta ba su littattafan Hausa guda bakwai da suka rage a kabad, ta haɗa kowane ɗaya da yara biyu masu sanin haruffa. Sauran hamsin da huɗu ta fita da su gindin bedi, suna rubuta ba, bi, bu da tsinke a ƙasa, manyansu na jin kunya, tana zare musu ido. Lissafi ya koma ƙwayar masara da marafan lemo. Ba ta yar da sauran darussa ba, da Hausa dai ta riƙa yin su. Ranar ire-iren ƙasa ta ce kowa ya zo da dunƙule guda, sai ga shi yaran ƙauye sun fi littafin sani. Suka ware mata jigawa da laka da jangargari, suka faɗa mata wadda gero ke so da wadda dawa ke so, da wadda ke cin takin banza. Abin da suka faɗa shi ta riƙa rubutawa a allo, su kuma su yi ta kokawa da shi har su karanta. A mako na shida, goma sha tara daga cikin 'yan gindin bedi sun fara haɗa baƙi.

A makon ne mai duba makarantu ya zo, Malam Muttaka, wanda ta girma da shekara goma. Ya buɗe littafin shirin darasinta ya ga an bar sikim a baya da mako shida. Ya ce za su dawo kan wannan, yanzu akwai abin da ya fi shi gaggawa.

"Ranar Laraba baƙi za su zo daga wata ƙungiya mai tallafa wa ilimi, kuma ajinki aka zaɓa. Ki ware yara talatin masu yunifom, masu kai. Za a aro kwamfuta takwas daga cikin gari, ki yi darasin kwamfuta da Turanci. Ga tambayoyin nan da amsoshinsu, su haddace. Sauran ki ce su huta a gida ranar."

"Su huta."

"Kwana ɗaya ne, Malama."

"Yallaɓai, baƙin nan don wa za su taso? Don talatin ɗin da suka iya, ko don tamanin da takwas da za mu ɓoye?"

"Don su ga ci gaba. In sun ga ci gaba sai su ƙara taimako. In suka tarar da wannan tarkacen kuwa..." Ya yi nuni da hannu wajen taga, inda yara ke zaune a ƙasa cinya a kan cinya.

"Wane ne tarkace a cikinsu? Nuna mani shi, in kira uwarshi ka faɗa mata."

Malam Salihu ya shiga tsakani yana ba da haƙuri ta kowane gefe. Malam Muttaka ya ajiye takardar tambayoyin a kan tebur ya ce shi umarni ya kawo, ba shawara ba.

Ranar Talata da za a tashi, Malama Hamida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce gobe kowa ya zo, mai yunifom da marar shi, wanda ya yi fashi kuma ita da shi ne. Ba a wasa da maganarta. Ƙarfe takwas na safiyar Laraba yara ɗari da goma sha shida suna cikin aji, biyu ne kawai zazzaɓi ya kwantar. An share harabar makaranta, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an lulluɓe inda kwano ya yaye da sabon tampol. Masu kawo kwamfutoci suka leƙo suka rasa inda za su sa ƙafa, balle tebur, suka koma da su ofis. Malam Muttaka ya iso minti goma kafin baƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta, ita ma tana kallonsa.

Baƙin su biyar ne, shugabarsu wata mace mai tabarau da ke jin Hausa sama-sama. Malama Hamida ba ta tsayar da yaro ko ɗaya don a ga gazawarsa ba. Ita ta yi magana. Ta ce wannan shi ne aji huɗu, duka-dukansa. Ta ce tampol ɗin can jiya aka sa shi. Ta buɗe sikim ta karanta musu abin da ya kamata a ce tana koyarwa a makon: bambancin bayanan da kwamfuta ke karɓa da waɗanda take fitarwa, da wasiƙar Turanci mai sakin layi uku. Sannan ta miƙa wa mai tabarau takardar nan tata ta gindin bedi.

"Duk wanda ya ce maku yaran nan suna koyon darussa goma sha ɗaya, ƙarya yake yi. Zane suke koyo. Ni ma na yi shekaru ina sa hannu a kan ƙaryar. Ba kwamfuta nake roƙo ba. A ba ni malami biyu, da littafin karatun Hausa ɗari, a kuma ƙyale ni zango biyu ba a tambaye ni sikim ba."

Mai tabarau ta tambaya ko akwai wanda ya fara karatu a cikin makonnin nan. Kafin Malama Hamida ta amsa, Barakatu ta miƙe daga baya. Akwai jimlar jiya a gefen allo da ba a goge ba. Ta ɗora yatsa a iska tana bin ta gaɓa-gaɓa, ta yi tuntuɓe sau biyu, ta koma farko, har ta kai ƙarshe: "Gero yana son jigawa." Baƙi suka tafa, suka ɗauki hotuna, suka yi rubuce-rubuce. Malam Muttaka ma ya tafa. Aka wuce da su ofis cin abinci, da azahar aka zo aka kwance tampol aka tafi da shi.

Daga ƙungiyar ba a sake jin komai ba, in ban da kwalin alli biyu da wata taswira. Daga ofishin ilimi kuwa takarda biyu suka zo bayan mako biyu. Ta farko tana neman ta yi bayanin dalilin barin sikim da kuma rashin ɗa'a a gaban baƙi. Ta biyu ta canjin wurin aiki ce, zuwa wata makaranta a wani ƙauye bayan Mabai, inda malamai uku a jere suka ƙi zuwa saboda hanyar.

Malam Salihu ya zo har gida ya ce zai raka ta ta ba da haƙuri, ya san wanda za a gani a soke takardar. Mijinta, Malam Harisu, ya goyi bayansa, ya ce mata:

"Hamida, hanyar nan kin san ta. Ki je ki ce kin yi kuskure. Kalma biyu ce, ba ta rage ki da komai."

"Malam, wane kuskuren zan ce na yi? Da na ce ba su iya karatu ba, ko da na koya masu?"

"Ki zaɓi wanda suka fi so ki faɗa masu."

"In na faɗa, gobe in koma aji in zana masu kwamfuta. A'a. Ka duba mani mai mashin da ya san hanyar."

Kwana biyu ita da mijin ba su yi wa juna magana ba, a na uku ya kawo mata mai mashin. A amsar takardar tuhuma ta rubuta layi huɗu kawai, ta liƙa kwafin sakamakon gwajin a baya. Ranar da za ta bar makarantar ba ta yi wa yara jawabi ba. Ta raba littattafan Hausa bakwai ga waɗanda ta san za su karanta wa wasu. Wanda ya gaje ta saurayi ne mai ladabi, ya ciro sikim daga durowa ya ci gaba daga mako na goma, kamar yadda aka umarce shi. Kafin ƙarshen shekara mahaifiyar Barakatu ta kwashe 'ya'yanta suka koma Funtuwa wurin wani ƙaninta. Malama Hamida ta yi cigiya sau da yawa, ba ta samu wanda ya san ko yarinyar ta ci gaba da makaranta ba.

Yanzu shekararta ta uku a ƙauyen. Yara talatin da huɗu ne a gabanta, aji uku da aji huɗu a haɗe, kuma ba mai duba makarantu da ya taɓa takowa ya tambaye ta ina ta tsaya. Wasu ranakun mai mashin yakan bugo waya da sassafe ya ce yau hanya ba kyau, sai ta zauna a gida tana huci, tana neman wanda za ta yi wa faɗa. Zafinta bai ragu ba ko kaɗan. A watan jiya, lokacin cirar waken suya, ta tarar da yara tara kacal a aji. Ta rufe ƙofa, ta sa su a gaba suka nuna mata gonaki, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga ta mai unguwa, inda ta samu 'yan ajinta goma sha ɗaya suna tara kirare. Ta gaishe shi da ladabi yadda ya kamata, sannan ta ce ko ya sallame su yanzu, ko ta yi darasin a nan cikin gonarsa. Mai unguwa ya ɗauka wasa take yi. Ta shimfiɗa buhu a gindin wata ɗorawa, ta tara yaran, ta fara darasin haƙora da yadda abinci ke narkewa a ciki, da ƙarfi yadda duk masu aiki za su ji. Da ta kai kan turame, wato haƙoran tauna na can ciki, wani tsoho mai ɗaurin wake ya ajiye igiya ya matso, yana lalubar nasa da harshe yana ƙirgawa.